Ciki mai haɗari: asibitin koyarwa, asibitin kuɗi, ko fita waje?

Ba kowace mai juna biyu ce ke buƙatar ƙwararren likitan uwa da ɗan tayi ba. Macen da cikinta ke tafiya lami lafiya, awo a wajen ungozoma ko likitan mata ya ishe ta, muddin tana zuwa a kan kari. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zuwa sau takwas kafin haihuwa. Wannan magana ta masu ciki mai haɗari ce: mai sikila, mai ciwon suga ko ciwon zuciya, wadda jininta ke kai 140/90 ko ya wuce, wadda ta taɓa jijjiga, mai yawan ɓari ko haihuwar bakwaini, wadda aka yi wa aiki sau biyu ko uku, mai tagwayen da suka haɗa mabiyiya ɗaya, da wadda hoto ya nuna matsala a jikin jaririnta.

Shi wannan likita, likitan mata ne da ya kai matakin kwansaltan, sannan ya ƙara horo a kan irin wannan ciki. A Najeriya za ku ga haruffan shaidar ƙwarewa, FMCOG ko FWACS, a bayan sunansa. Sai dai likitocin tiyata ma suna da FWACS, don haka ku tambayi fanninsa kai tsaye. Tambaya ba raini ba ce, kuma dole ya kasance yana da rajista da hukumar likitoci ta MDCN.

Mafi yawansu a asibitocin koyarwa suke: na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, na Maiduguri, na Jos, sai Asibitin Ƙasa a Abuja. A Nijar, manyan matsalolin haihuwa akan tura su asibitin haihuwa na Issaka Gazoby a Yamai. Abin da ya fifita irin waɗannan wurare shi ne likitan ba shi kaɗai yake ba. Mai sikila tana buƙatar likitan jini da jinin da ya dace da nata a ajiye. Mai ciwon zuciya tana buƙatar likitan zuciya, kuma kumburin zuciyar da ke kama mata gab da haihuwa ko lokacin jego sananne ne a Kano da Zariya da Sakkwato. Jaririn da ya zo a wata bakwai kuwa kwalba yake nema, da wutar da ba ta ɗaukewa, da likitan jarirai a farke. Duk waɗannan a haraba guda suke. Kuɗin ma da sauƙi, musamman ga mai inshorar lafiya ta tarayya, wato NHIA, ko ta jiha, irin KSCHMA a Kano, in an bi ta takardar turawa.

Wahalar kuma ba a ɓoye take ba. Sammako, layi, buɗe fayil, ranar asibiti guda a mako, ga shi wanda zai fara duba ki galibi likita ne mai neman ƙwarewa, ba kwansaltan ɗin da aka yi miki kwatance ba. In likitoci suka shiga yajin aiki, sai an nemi mafita cikin gaggawa.

Asibitin kuɗi yana sayar da abin da wancan ya rasa: lokaci da natsuwa. Sau da yawa ma kwansaltan ɗin asibitin koyarwa ne ke zuwa da yamma, ki zauna da shi ki yi tambayoyinki ba mai ƙwanƙwasa ƙofa. Don awo da hoto, babu laifi ko kaɗan. Amma haihuwa ba ta san yamma ba. Kafin maigida ya biya kuɗin ajiye gado, ya tambaya: in jini ya ɓalle ƙarfe biyun dare, wa ke kwana a nan? Akwai mai ba da allurar barci? Jini nawa ke ajiye, ko sai an tura 'yan uwa nema? Kwalba nawa ke aiki? In amsar ita ce "sai mu tura ku", to tun yanzu ku san inda za a haihu. Kyan gini da sanyin ɗaki ba sa tsayar da jini.

A ganina, ga mafi yawan iyalai haɗa biyun ya fi: a buɗe fayil a asibitin koyarwa tun da wuri, ko da a asibitin kuɗi ake awo, likitan kuma ya san da haka.

Fita Masar, Indiya ko Dubai yana da amfani a 'yan lokuta ƙalilan, kamar aikin da ake yi wa jariri tun yana ciki, ko tiyatar zuciya da zarar an haife shi. Bayan wannan, kashe kuɗi ne da nesanta mace da danginta, kuma yawancin kamfanonin jirage ba sa ɗaukar mai ciki bayan mako 36, mai tagwaye tun mako 32.

Wuraren ɗaukar hoton ciki da suka cika gari, waɗanda ake zuwa don jin namiji ne ko mace, ba su maye gurbin hoton binciken halittar jariri da ake yi tsakanin mako 18 da 22. Wannan sai gwani, kuma yana cin lokaci.

Al'adar ɓoye ciki har sai ya fito tana cutar masu irin wannan lalura, domin abubuwa da yawa a farkon ciki ake yanke su. Ƙaramin asfirin da likita kan rubuta wa mai haɗarin jijjiga daga wajen mako 12 ake fara shi. Ko tagwaye sun haɗa mabiyiya, kafin mako 14 aka fi gane shi, in sun haɗa kuwa hoto duk mako biyu ne daga mako 16. Mai rukunin jinin da ake kira Rh nagatif takan buƙaci allurar Anti-D, wadda ke hana jikinta yaƙar jinin jariri, a wajen mako 28, da kuma cikin awa 72 bayan haihuwa, kuma gara a tambayi farashinta da inda ake samu tun ranar awon farko.