Tsakanin faifan Art Blakey da na Max Roach: wanne za ka fara saye?

Ƙanena, tunda kuɗin faifai ɗaya ne a hannunka, kuma kana waige tsakanin Moanin' na Art Blakey da Drums Unlimited na Max Roach, duka biyun makaɗan gangar jaz ne na Amurka, to ɗauki na Blakey. Duka biyun ina da su, kuma na san wanda allurar garmahona ta fi hawa.

An ɗauki Moanin' a rana ɗaya, 30 ga Oktoban 1958, a ɗakin naɗar sauti na Rudy Van Gelder da ke Hackensack a jihar New Jersey, kamfanin Blue Note ya fitar da shi. Mutum biyar ne kawai a ciki: Blakey a kan ganguna, Lee Morgan da ƙaho yana ɗan shekara 20, Benny Golson da saksafon, Bobby Timmons a fiyano, sai Jymie Merritt da ke riƙe da bes. Kiɗan farko, shi ma mai suna Moanin', wanda Timmons ya tsara, da kira da amshi yake buɗewa: fiyano ya faɗi nasa, masu busa su amsa masa. Kunnen da bai taɓa jin jaz ba ma nan take yake samun wurin zama.

Amma kai da hankalinka ke kan makaɗi, ga abin da za ka kasa wa kunne. Blakey yana taka farantan ƙarfen nan biyu da ƙafar hagu a bugu na biyu da na huɗu, ba ya saki ko an yi nisa. Idan mai busa ya kusa kammala nasa, sai ka ji ƙaramar ganga ta fara gurnani can ƙasa-ƙasa, tana tasowa har ta fashe daidai inda na gaba zai shigo. Da wannan gurnanin yake tura yaransa gaba, kuma shi ne tambarinsa. Yakan kuma danna fatar ganga da gwiwar hannu don ya sauya mata murya, kusan yadda mai kalangu ke matse tsarkiya a hammata. Akwai ranar da na sa faifan nan a shagon wani abokina mai gyaran rediyo, wani dattijo da ya yi kiɗan biki a ƙuruciyarsa yana zaune yana jiran a gama masa aiki. Bai tambayi sunan kowa ba. Da aka zo kiɗan The Drum Thunder Suite sai ya gyara zama, ya ce a mayar da allura baya, wannan mutumin ya san yadda ake sa ganga magana. Har aka gama gyaran rediyonsa bai tashi ba, sai da faifan ya ƙare.

Rayuwar mutumin ma ta isa a tsaya a kanta. An haife shi a Pittsburgh a 1919, ya tashi cikin wahala, da fiyano ya fara kafin ya koma ganga. Ya yi aiki a babbar ƙungiyar Billy Eckstine daga 1944 zuwa 1947, inda ya haɗu da su Dizzy Gillespie da Charlie Parker. A ƙarshen shekarun 1940 ya musulunta, ya ɗauki suna Abdullah Ibn Buhaina, abokansa suna kiransa Bu, kuma da bakinsa ya ce ya zo Afirka ta Yamma a lokacin don neman sanin addini. A tsakiyar shekarun 1950 shi da Horace Silver suka kafa ƙungiyar Jazz Messengers, wadda ita ce ta yi Moanin', ya riƙe ta har rasuwarsa a New York a watan Oktoban 1990. Abin da ya fi burge ni da shi, bai taɓa jin ƙyashin yaro ba. Yakan ɗauko matashi, ya ba shi fili ya tsara kiɗa, in ya yi ƙarfi ya sallame shi ya ɗauko wani. Wayne Shorter da Freddie Hubbard ta hannunsa suka bi, haka Wynton Marsalis a 1980. A 1962 ya yi faifan The African Beat tare da makaɗin Najeriya Solomon Ilori. Shi kuwa Tony Allen, makaɗin Fela, faifai guda ya yi a 2017 don girmama shi, kuma Moanin' na ciki.

Drums Unlimited kuwa, na 1966, yana nan a cikin kwalinsa, ba kasafai nake ciro shi ba. Ba raini ba ne, Roach gwani ne na ƙarshe, amma uku daga cikin kiɗa shida ganga ce tsura ba mai raka ta, kuma wannan darasi ne na wanda ya riga ya yi nisa. In Roach ɗin kake so, ka jira ka sami abin da ya yi da mai busa ƙaho Clifford Brown tsakanin 1954 da 1956, kafin Brown ya rasu a haɗarin mota yana da shekara 25.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa a intanet. Kowa sai ya ce maka nasa "bugun farko" ne don ya tsuga kuɗi. Bugun farko lambarsa BLP 4003, a tsakiyarsa akwai adireshin 47 West 63rd, a santsin da ke kusa da tsakiya kuma an buga haruffan RVG, wato Rudy Van Gelder. Sannan a fuskar gaba ta bangon asali babu kalmar Moanin', sunan ƙungiyar kawai aka sa. Daga baya ne aka raɗa wa faifan sunan saboda karɓuwar kiɗan farko. Wanda ya nuna maka bango mai wannan suna ya ce na asali ne, ka bar masa kayansa. Gaskiya ma irin wannan faifan masu tara kayan tarihi ke rububinsa da tsada, kai kuwa sauraro za ka yi. Sabon bugu na Blue Note ko CD na gaske ya wadatar da kai.

Kada ka tura ko sisi sai ya turo maka bidiyon faifan yana juyawa a kan garmaho, fuska biyun duka, ka ji da kunnenka ko allura na tsalle. Ka sa ya ɗora shi a kan tebur ka ga ko ya kwanta daidai, domin zafin rana na lanƙwasa faifai, kuma wanda ya lanƙwashe ba kasafai yake miƙewa ba. In CD ne, ka duba bayansa: mai launin shuɗi ko kore kwafi ne aka yi a kwamfuta aka liƙa masa hoto, kuɗinsa bai kai na asali ba. In ka samu mai kyau, fara da fuska ta ɗaya, ka bi ƙafar hagun Blakey kaɗai daga farko har ƙarshe kafin ka kula da masu busa.