Contar da montar: me ya sa ɗaya ke sauya wasali, ɗaya ba ya sauyawa?

Malama, kin tambaya me ya sa a Sifaniyanci ake cewa cuento daga contar, amma monto daga montar, alhali harafi ɗaya ne kawai ya raba su. Contar shi ne ƙirga ko ba da labari, montar kuwa hawa, kamar hawan doki ko keke. Ga su gefe da gefe a lokaci mai ci:

ni: cuento / monto
kai, ke: cuentas / montas
shi, ita: cuenta / monta
mu: contamos / montamos
ku: contáis / montáis
su: cuentan / montan

Ki duba ƙarshensu tukuna: -o, -as, -a, -amos, -áis, -an. Duk ɗaya ne, nan babu abin haddacewa sabo. Rigimar tana cikin saiwa. Montar ya riƙe o ɗinsa daga sama har ƙasa, contar kuwa ya mayar da shi ue a wurare huɗu, ya bar shi a "mu" da "ku".

Waɗannan biyun ba haka kawai aka ware su ba. Abin da ke jan ragamar shi ne gaɓar da ake danna murya a kanta. Ki furta da ƙarfi: CUEN-to, CUEN-tan, amma con-TA-mos. In nauyin murya ya sauka kan saiwa, wasalin ya tsage biyu. In ya wuce gaba, o ya zauna lafiya. Mu da muka saba da karin sauti, hawa da sauka, kunnenmu ba ya saurin kama wannan dannawar, shi ya sa nake ganin furtawa ta fi kallon jadawali amfani. Hujja ma tana Ajantina: can suna cewa vos contás maimakon tú cuentas, nauyin ya koma ƙarshe, sauyin ya ɓace. Contáis kuwa a Sifen ake jin sa. A Latin Amurka, in za a ce "ku", ustedes cuentan ake cewa.

Gado ne daga Latin. Gajeren o da gajeren e masu ɗauke da nauyin murya sun zama ue da ie, ba a aikatau kaɗai ba: porta ta zama puerta, terra ta zama tierra. Makwabtan Sifen, mutanen Fotugal, har yau porta da terra suke cewa.

To ta yaya za a gane mai sauyawa tun daga sifarsa ta ƙamus? A gaskiya ba a ganewa. Entender yana ba da entiendo, aprender yana ba da aprendo. Defender, defiendo, ofender, ofendo. Akwai dai dabarar da ke taimakawa sau da yawa: nemi sunan da ke da dangantaka da aikatau ɗin. Cuenta, wato lissafin kuɗi, tana nuna contar zai sauya; almuerzo, abincin rana, yana nuna almorzar; juego, wasa, yana nuna jugar, wanda shi kaɗai ne ke mayar da u zuwa ue. Masu bin La Liga sun sha ganin "el Madrid juega hoy", wato Madrid na wasa yau. Montar kuwa danginsa monte ne, tsauni, babu ue ko kusa.

Wani nau'in kuma shi ne e zuwa i, kuma a aikatau masu ƙarewa da -ir kawai yake faruwa: pedir, pido, pedimos; servir, sirvo, servimos. Wuraren sauyin dai huɗun nan ne.

Shawarata, duk sabon aikatau ki rubuta shi tare da sifar "ni": contar, cuento, montar, monto. In kina shakka, ƙamus ɗin intanet na Real Academia Española, hukumar kula da harshen Sifaniyanci, yana nuna cikakken jadawalin kowane aikatau, kyauta.