Sayen kayan gyaran fankar sama a kasuwar Alaba

Idan fankar sama ta tsaya maka a zafin Legas, sashen kayan wuta na kasuwar Alaba International da ke Ojo, kusa da hanyar Badagry, nan ne za ka samu kusan duk abin da take buƙata. Kaya kam akwai su, kuma sun fi na shagunan unguwa araha. Inda gizo ke saƙar shi ne mai kyau da jabu kanta ɗaya suke zaune, mai shago kuwa abin da ka ambata zai miƙo maka. Saboda haka kada ka fito daga gida sai da tsohon abin da ka cire a aljihunka.

Kafasita, wato 'yar na'urar da ke taimaka wa fanka ta tashi ta juya, ita ce ta fi mutuwa, ita ce kuma mafi araha. Alamarta ba ta ɓuya: fanka na gurnani, ba ta tashi sai an tura ta da sanda, ko tana juyawa a sanyaye ko da an kai ta lamba ta ƙarshe. Yawancin fankoki masu inci 56 suna ɗaukar kafasita mai lamba 2.5µF, kuma ka duba a jikinta an rubuta 450V. Za a ce maka "ɗauki 3.5 ko 4, ta fi gudu". Gaskiya ne za ta yi gudu, amma koyil, wato wayar da aka naɗe a cikin kan fanka, zai riƙa ɗaukar zafi har ya ƙone, ka ga garin neman gira an rasa ido. Shago na ƙwarai yana da mitar auna kafasita. Ka ce a auna maka a gabanka. Idan abin da mita ta nuna ya yi nisa da abin da aka rubuta, ajiye musu kayansu.

Ƙara ko ƙugi kuwa aikin boris ne, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye da kan fanka ke juyawa a kansa, kuma damshin Legas na saurin sa masa tsatsa. Guda 2 ne a ciki, sama da ƙasa, galibi 6202 da 6203, wasu 6201. Lambar tana jikinsa. Sauya su tare, ka zaɓi rufaffe mai alamar ZZ ko 2RS, ka juya shi da yatsa: in ka ji kamar yashi a ciki, tsoho ne aka wanke.

A wajen koyil ne ya kamata ka fi sa ido. Akwai wayar jan ƙarfe, akwai ta alminiyam da aka rina. Kankare bakin wayar kaɗan, in ta yi fari, alminiyam ce, ba ta jure wutar da ke hawa da sauka ko ta janareta. Kafin ka ba da koyil a sake naɗa maka, tambayi kuɗin sabon kan fanka, wani lokaci bambancin bai taka kara ya karya ba.

Fuka-fukai a sayi ukun tare, don guda ɗaya daban kan sa fanka rawa.

Ka wuce masu tare mutane a bakin hanya, ka shiga shago da ƙafarka, ka karɓi rasit mai lambar shago, domin layukan suna kama da juna. Kuma ka haɗa da sabuwar robar rataye da ɗan fil ɗin da ke kulle ƙusar sanda. Kuɗinsu ƙalilan ne, amma su ke riƙe da fankar da yara ke kwana a ƙarƙashinta.