Inda na kai su Abba lesin ɗin hutu bana, don masu yaran da ba sa son ƙwallo

Ni dai duk shekara da an shiga ƙarshen Yuli hankalina tashi yake yi, don dogon hutu ya zo kenan, wajen sati shida yara suna gida, ni ina ofis har ƙarfe huɗu, babansu kuma yana Kantin Kwari sai bayan magariba. Islamiyya tana ɗauke min su da yamma daga Asabar zuwa Laraba, to amma safiyar fa? Hajiya ta tsufa, ba zan iya jibge mata yara biyu kullum ba.

Bara na kai Abba wani fili da ake koya wa yara ƙwallo, kwana uku ya yi ya ce shi wallahi ba zai koma ba. Shekararsa 10, ba ya son gudu, ba ya son hayaniya, ko wasan Kano Pillars babansa yake saurare a rediyo tashi yake yi ya bar ɗakin. Kocin kullum gola yake sa shi, yara suna masa ihu in an ci, ya dawo gida ya shige ɗaki ko abinci ba ya ci. Abin ya tsaya min a rai sosai, don na ga kamar ni na jefa shi. Ummi kuwa mai shekara 7 ita dai a ba ta almakashi da takarda ta wuni.

Bana wata abokiyar aikina ta yi min kwatancen wani gida a bayan layinsu, wata tsohuwar malamar firamare ce ta mayar da shi wajen lesin ɗin hutu, yara ba su fi talatin ba. Ba zan faɗi sunan wajen ba tunda akwai ƙorafin da zan yi, mai so ya tambaye ni ta gefe. Ranar da na je karɓar fom tambayar farko da na yi mata ita ce, Anti akwai tilas a wasan motsa jiki? Ta ce a'a Maman Abba, akwai rabin awa na tsakar gida, mai son langa ya yi, mai son carafke ko dara ko ludo ga tabarma nan a inuwa. A nan take na ji zuciyata ta kwanta.

Tsarinsu da safe awa ɗaya ce ta lissafi da Turanci, wannan kam ba wani abin a zo a gani, irin na ko'ina ne, maimaicin abin da aka yi a makaranta. Daga ƙarfe goma ake raba su, akwai ɗinkin hannu da saƙa, akwai zane, akwai girki ranar Alhamis, sai kwamfuta guda shida da ake koya musu Scratch, manhajar nan da yara ke jera umarni kamar bulo su sa hoto ya yi motsi. Abba a nan ya maƙale. Sati na biyu ya ja ni har gaban kwamfutar ya nuna min wata mage da ya sa take bin ɓera, in ta kama shi maki ya ƙaru, hannunsa har rawa yake yi a kan linzamin, yana ta min bayani da sauri da sauri, yaron da a gida sai ka yi da gaske ka ji maganarsa. Na fito na shiga adaidaita ina share hawaye, Allah shaida.

Abin da ya fi burge ni kuma fitar da suka yi da su. Sun je Gidan Makama, gidan tarihin nan na Kano, sannan aka wuce da su karofin Ƙofar Mata, wanda aka rubuta a ƙofarsa tun 1498 yake. Kowane yaro an ce ya zo da farin ƙyalle, suka ɗaɗɗaure da zare tun a lesin, a can marina suka tsoma musu a ramin baba. Ummi ta dawo farcenta duk shuɗi, tana ba ni labari wai Mama da aka ciro ƙyallen kore ne, sai da ya sha iska ya koma shuɗi a gaban idonta, kuma wai toka ake zubawa a ruwan. Ni da aka haifa a garin nan na sha wucewa ta wajen, ban taɓa leƙawa ba. Ƙyallen yana nan ta shimfiɗa a kan filonta, ta hana a wanke.

To ga inda suka gaza. Ƙarfe ɗaya suke tashi, ga wadda take aiki har huɗu wannan rabin magani ne, sai da na yi yarjejeniya da wani mai adaidaita na unguwarmu yana kai su gidan Hajiya su ci abinci kafin Islamiyya, wannan ma kuɗi ne na daban. In ka makara ɗauka da rabin awa akwai tara, kuma ba a faɗa min ba sai da ta same ni ranar da aka yi ruwan nan mai yawa hanya ta cika. Na yi wa Anti magana ta ba ni haƙuri amma ba ta yafe ba. Kwamfuta shida ga yara wajen sha biyar masu so, biyu biyu ko uku uku suke zama, in an ɗauke wuta kuma shi kenan, janareton ƙarami ne kuma ba kullum ake samun mai ba, akwai satin da sau ɗaya kawai Abba ya taɓa. Bayan gida guda ɗaya ne maza da mata, tsaf yake gaskiya, amma ya kamata a raba. Kuɗin kayan aiki ma ba ya cikin kuɗin rajista, yau a ce zare, gobe fulawa da suga, jibi kwali, gara a haɗa min lissafi tun farko in san abin da zan biya.

Ta ɓangaren tsaro ba ni da ta cewa, ƙofar a kulle take, ba sa ba da yaro sai ga wanda ka rubuta sunansa a fom, ranar farko da mai adaidaitan ya je sai da Anti ta kira ni a waya ta ji muryata. Kuɗin gaba ɗaya ya kai kusan rabin abin da nake biya musu na zango ɗaya a makaranta, da ɗan nauyi, amma ta yarda na biya kashi biyu.

Zan mayar da su baɗi in Allah ya kai mu. Na roƙe ta ta duba ko za ta ƙara lokaci zuwa la'asar ko da da ƙarin kuɗi ne, ta ce in an samu iyaye goma masu so za ta ɗauki ƙarin malama, yanzu mu huɗu ne muka rubuta suna.