Katin ɗan jarida da shafukan intanet ke sayarwa: me yake tsinana wa mai shi?

A garuruwa irin su Rano, Dambatta, Ringim da Kafin Hausa, matasa da dama na ɗauko rahoto da wayarsu ba tare da albashi ba: asibitin da babu magani, takin da aka karkatar, ambaliyar da ta cinye gonakin shinkafa. Su ne kasuwar wasu shafukan labarai na Facebook masu sayar da katin shaida. Ka tura hoto da suna ta WhatsApp, ka biya 'yan dubbai, a bugo maka katin roba mai igiyar ratayawa.

Amfaninsa bai wuce bakin ƙofa ba. Mai gadin sakatariyar ƙaramar hukuma na iya barin ka ka shiga, dagaci ya saki jiki ya yi magana. Amma wannan ba katin ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ ba ne, wadda ke neman takardar karatu da shaidar aiki a kafar da aka sani. Ranar zaɓe ma ba ya aiki, domin hukumar zaɓe ta INEC tana tantance kafar yaɗa labarai ne, kafar ce ke miƙa sunayen ma'aikatanta.

Inda ya fi ba da kunya shi ne ranar da ƙara ta zo. Ɓata suna laifi ne a sashe na 391 da 392 na kundin hukunta laifuka na Penal Code, ɗaurinsa na iya kai shekara 2. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, ko bayan gyaran 2024, yana hukunta wanda ya yaɗa abin da ya san ƙarya ne don ta da hankalin jama'a, da tarar da za ta iya kai naira miliyan 7, ko ɗaurin shekara 3, ko duka biyu. Wanda ya rubuta ake kamawa. Yawancin masu sayar da katin nan ba su da edita, ba su da lauya, da wuya su ɗaga waya idan wakilinsu na ofishin 'yan sanda. Abin takaici, katin kan ƙara wa yaro ƙarfin gwiwar kiran shugaban ƙaramar hukuma ɓarawo alhali babu takarda ko ɗaya a hannunsa.

Mafi yawan abin da ake cewa katin na bayarwa, doka ta riga ta bayar kyauta. Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin baki. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma takarda, a ba shi amsa cikin kwana 7.

Ba mu ba da shawarar saye ba, sai in shafin ya cika sharuɗɗa: rajista da CAC (hukumar yi wa kamfanoni rajista), ofishin da za a iya takawa a je, edita mai karanta rahoto kafin ya fita, da wasiƙar aiki mai hatimi da ta faɗi wanda zai ɗauki lauya. A duba katin ko yana da lamba, ranar ƙarewa da wayar edita. Da kati ko babu, a ajiye asalin murya da hoto ba tare da an yanke ba, a rubuta rana da wuri, a kira wanda ake zargi a ji ta bakinsa, a kuma adana shaidar kiran ko da bai ɗauka ba.