BLI ko SPR: wace na'ura ta fi gano mannewar furotin?

BLI (bio-layer interferometry) da SPR (surface plasmon resonance) na'urorin ɗakin gwaje-gwaje ne. Dukansu da haske suke gano yadda furotin ke manne wa abokinsa, ba sai an shafa masa rini ba.

SPR, wadda kamfanin Pharmacia ya kawo kasuwa a 1990 da sunan Biacore, tana tura samfur ta siraran bututu a kan fallen zinare. Idonta ya fi kaifi wajen ƙananan ƙwayoyin magani, amma samfur mai dauɗa yakan toshe ta.

BLI kuwa bakin zaren gilashi ake tsomawa cikin faranti mai ramuka 96. Farin haske yana dawowa daga shimfiɗa biyu a bakin zaren: ta ciki, da ta waje inda furotin ke mannewa. Da furotin ya manne, kaurin ta wajen ya ƙaru, sai tsarin haɗuwar hasken ya gusa. Babu bututu balle toshewa. In samfura suna da yawa, ni ita zan ɗauka, ko da yake ruwan ramukan yakan ƙafe in gwaji ya daɗe.