Mangalar kare ko ɗamarar ƙirji: wacce ta fi don hawan tsauni da kare?

Ɗan'uwa, ka tambaya wacce za ka saya wa karenka don hawan tsauni, mangala ko ɗamarar ƙirji, wato maɗauran da ake sa wa kare a ƙirji da baya a ɗaura igiya a jikinsu. Tunda tafiyar yini ɗaya ce, ku fita da sassafe ku dawo kafin duhu, kuma ka ce karen kilo 20 ne, sayi ɗamarar ƙirji mai mariƙi a gadon baya ka goya kayan da kanka. Jakar nan mai aljihu biyu da ake aza wa kare kamar mangala, bar ta tukuna.

Kare lafiyayye da ya gama girma, abin da ya kamata ya ɗauka kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ne na nauyin jikinsa. Masu cewa kashi 25 suna magana ne a kan karen da ya daɗe yana samun horo. Naka ke nan kilo 2 zuwa 3. Jakar kanta ta cinye kusan rabin kilo tun ba a zuba komai ba, lita ɗaya ta ruwa kuwa kilo ɗaya ce. Duk abin da zai rage maka bai wuce gora biyu ba, ga kuma abin da za ka jawo masa.

Babbar matsalar zafi ce. Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, da haki yake fitar da zafi. Mangala tana rufe baya da haƙarƙari, ta matse daidai wurin da ke buɗewa idan yana haki. Zafin jikinsa na yau da kullum digiri 38 zuwa 39 ne, in ya kai 41 rayuwarsa na cikin haɗari. Sai kuma rinjaye: ka shayar da shi daga gorar dama, ta hagu ta ja jakar ta karkace, maɗaurin ya yi ta gurzar hammata tsawon awanni. Gashi ya rufe wurin, ba za ka gani ba sai kun iso gida ka tarar fata ta saɓule. Kuma kare ya san faɗin jikinsa ne kawai, bai san an ƙara masa aljihu ba, don haka zai kutsa tsakanin duwatsu biyu ya maƙale.

Na taɓa sayen mangalar, na kuma yi da-na-sanin kuɗina. Amfaninta ɗaya, tafiyar kwana biyu ko uku inda abincinsa ya yi nauyi, shi ma sai an shafe makonni ana saba masa da ita ba kaya a ciki. Ba a aza ta wa ɗan kwikwiyo, domin ƙashi ba ya gama ƙosawa sai wata 12 zuwa 18, manyan iri ma su wuce haka. Ba a aza ta wa tsoho, ko mai gajeren hanci da numfashi ke yi wa wuya.

Ɗamara kuwa ita ce a hannuna, kuma ko yau ta tsinke irinta zan sake nema. Nemi wadda maɗaurin gabanta ya rabu biyu kamar harafin Y, ya taso daga tsakanin ƙafafun gaba ya bi gefen wuya biyu. Mai maɗauri ɗaya da ya gitta ƙirji a kwance tana iya danne kafaɗa, ta rage masa tsawon taku, a kan hawa kuwa nan gajiya take farawa. Mariƙin baya shi ne dalilin sayen gaba ɗaya: da shi za ka tallafa masa a kan dutse mai tsayi, ka riƙe shi wajen tsallaka rafi, ka janye shi cikin daƙiƙa ɗaya in ya kai hanci bakin rami. Abin wuya ba ya yin wannan aikin. Ka ja da ƙarfi ka shaƙe maƙogwaro, in ya firgita ya ja da baya kuma ya zare kansa ya bar ka da igiya. Bar abin wuyan a jikinsa don alamar da ke ɗauke da lambar wayarka, amma igiya a zoben ɗamara za ta zauna.

Wajen awo, zagaya tef a inda ƙirji ya fi faɗi, bayan ƙafafun gaba, sannan gindin wuya. In ka ɗaura, yatsu biyu su shiga ƙarƙashin kowane maɗauri, uku kada su shiga. Maɗaurin ciki ya ja baya daga hammata kamar faɗin yatsu uku. In karen siriri ne mai zurfin ƙirji, nemi mai maɗauri na uku da ke zama bayan haƙarƙari, ita ce ba ya iya zamewa daga ciki. Kada ranar tafiya ta zama ranar farko da zai sa ta. Ku yi gajeren zagaye sau huɗu ko biyar, kana duba hammata duk dawowa.

Igiya ta zama mai tsawon mita 2, ba mai naɗe kanta a cikin akwatin roba ba. Siririn zaren nan yana yanka yatsa da ƙafa, in akwatin ya suɓuce maka kuma ya bi kare yana ƙara, ya firgita ya ƙara gudu.

Kayan da za ka goya, ruwa ne kan gaba. Kare na shan kamar mililita 50 zuwa 60 a kowane kilo a rana yana zaune, naka ke nan lita ɗaya da 'yan kai. Da hawa da rana abin yana iya ninkawa, don haka ware masa lita 2 ban da naka, da kwanon roba mai naɗewa. Ba shi kaɗan-kaɗan duk bayan minti 20 zuwa 30, kada ka jira ya galabaita ya kwankwaɗa lokaci ɗaya. Hana shi ruwan da ke kwance, musamman mai kore-kore a sama, akwai gansakukar da ke kashe kare cikin awanni. Abinci kuma a ba shi awa biyu kafin fita, ba a bakin tashi ba, saboda cikakken ciki da guje-guje na iya jawo murɗewar tumbi ga masu zurfin ƙirji. A hanya ɗan guzuri daga abincin da ya saba ya isa.

Sa a jakarka bandeji mai manne kansa, auduga, ruwan wanke ciwo, hantsaki, tsohuwar safa guda biyu, ledar kwashe kashi da ƙaramar tocila. Safar don tafin ƙafa ce in ya tsage: a wanke, a naɗe, a zura safa. Hantsakin don ƙaya da kaska ne, a kama kaskar dab da fata a ja a miƙe a hankali, ban da murɗawa, ban da shafa mai ko kai wuta. Kada ka ba shi maganin ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen, yana huda ciki ya lalata ƙoda. Kafin ku hau falalen dutse da rana, aza bayan hannunka na daƙiƙa 7, in ba ka jure ba shi ma ƙafarsa za ta ƙone. In ka ga harshe ya zazzago, yawu ya yi kauri, dasashi ya yi jawur, yana tangaɗi, tsaya nan take. Kai shi inuwa, cire ɗamarar, kwara masa ruwa mai sanyi a fatar ciki da hammata, sannan a nufi likitan dabbobi ko da ya nuna ya farfaɗo.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Ƙarami, matsakaici da babba ba awo ba ne, kowane kamfani da nasa. Wanda ya ce maka "wannan ta irin karenka ce" bai nemi awon ƙirji a santimita ba, so yake kawai kayan su fita. Wasu hoton mai kyau suke sawa su aiko da jabu mai ɗauke da sunan babban kamfani. In ta zo hannunka, duba zoben ƙarfen, ya zama a haɗe da walda, ba lanƙwasa shi kawai aka yi baki ya taɓa baki ba. Duba inda mariƙi ya haɗu da jiki, ɗinkin ya zama murabba'i da gicciye a ciki. Layi ɗaya zai farke ranar da ka ɗaga kilo 20 da shi. Rataya mata jarkar ruwa mai nauyin karenka ka ɗaga ta mariƙin sau goma, ka ɓalle maɓallan ka mayar ka ji sun kama da ƙara. Kuma tun kafin ka biya, ku yi magana a rubuce cewa in ba ta yi masa daidai ba za a canza.